Na je kallon zanen ɗakunan da babu kowa a ciki, har sau biyu

Gaskiya da farko ba ni da niyyar zuwa. Autanmu ne ya matsa min sati guda cur, shi da ya karanta fannin zane a ABU Zariya, kullum sai ya turo min saƙo a WhatsApp, Yaya akwai wata baiwar Allah da ta baje kolin zanenta a nan Kaduna, don Allah ki shirya mu je, wallahi irin abin da za ki so ne. Ni kuwa Asabar ɗaya ce da ni a sati, ga wanki, ga makin takardun yaran ajina, ga cefane, to ina zan sa kallon zane. Ranar dai ya zo har gida da misalin ƙarfe goma sha ɗaya ya zauna a falo ya ce ba inda za shi sai da ni, shikenan na zura hijabi muka tare napep daga Unguwar Dosa zuwa Unguwar Rimi.

Wurin wani tsohon gida ne irin na GRA mai dogayen bishiyoyi a tsakar gida, an kwashe kayan falo biyu da wani ɗan lungu an shafe bangon da farin fenti. Kuɗin shiga N1,000 kowane mutum, ɗalibi mai katin makaranta N500, kuma ba a yi mana wani dogon bincike a geti ba, sunanka kawai za ka rubuta a littafi. Zane 23 ne na ƙirga, yawancinsu ba su wuce faɗin tiren shayi ba, manyan guda huɗu ne kacal.

Abin da na fara ji da na shiga shi ne kamar an rage min ƙarar duniya. Na kuma ɗauka ba a gama aikin ba, don ba launi, ko in ce ba launin da idona ya saba da shi. Mu ai mutanen atamfa ne da leshi, in ka shiga kasuwar Sheikh Gumi idonka har gajiya yake da ja da kore da ruwan ɗorawa, kuma zanen da muka saba gani ana sayarwa a bakin titi ko an rataye a otal bai wuce hawan Sallah ba, dawakai da ’yan lifidi da kakaki, ko Bafulatana da ƙwaryar nono a ka. Nan kuwa toka-toka ne da ruwan ƙasa da fari mai duhu-duhu, sai ɗan ruwan makuba can da can. Kuma duk ɗakuna ne. Zaure, falo, uwar ɗaka, kicin, wani ma bango ne kawai da taga da inuwar labule. Na juya na kalli Auta, ya ce Yaya kar ki yi magana tukuna, ki zaɓi ɗaya ki tsaya a gabansa minti biyar.

Wanda na zaɓa zaure ne. An shimfiɗa buzu a gefe, alluna uku a jingine da bango, buta a lungu, hasken rana ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan daɓe kamar an shimfiɗa farin ƙyalle a karkace. A bakin ƙofar akwai silifas na yaro, ƙafa ɗaya a daidai ɗaya kuma ta kife. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya motsa ba, so nake in gyara shi, don tun muna yara in ka wuce takalmi a kife ba ka juya shi ba sai ka sha faɗa a wurin Umma. A nan ne na gane abin da matar nan take yi. Ba ta zana yaron ba amma na san da gudu ya shiga gida, na san an tashi daga karatun safe ke nan, har kamar ina jin ƙamshin tokar daren jiya. Da na matsa kusa kuma sai na ga ashe abin da nake kira toka-toka ba launi ɗaya ba ne, akwai ɗan kore a ciki, akwai wani ja-ja mai kama da hoda, akwai shuɗi a inda inuwa ta yi kauri, an ɗora su siriri-siriri wani kan wani har ka ja da baya su haɗe su zama bango irin wanda ya sha hayaƙi da jinginar bayan mutane shekara da shekaru.

Daga nan ban ƙara duba agogo ba sai da aka kira azahar.

Wanda ya fi taɓa ni a zuwan farko wani ciki da falo ne irin na gidajen haya na Kakuri. Ledar ƙasa ta koɗe daidai inda ake yawan takawa, fanka mai tsayuwa an rufe kanta da tsumma saboda ƙura, kujera mai cin mutum biyu an yafa mata ƙyalle, rediyo a kan kabet, sai kalandar da ba a iya karanta shekararta. Babanmu, Allah ya jiƙansa, a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ya yi aiki har aka rufe ta, kuma a irin wannan ɗakin muka tashi mu shida kafin mu dawo Unguwar Dosa. Duk wanda ya tashi a Kaduna ta Kudu lokacin da masaƙu ke aiki ya san yadda unguwar take in an tashi daga aiki, kekuna kamar fari, masu abinci, masu rake, ya kuma san irin shirun da ya biyo baya da injina suka tsaya. Shirun nan ne a cikin zanen. Ban san yadda aka yi mutum ya zana shiru da buroshi ba amma ga shi nan na gani.

Mai zanen tana wurin, matashiya ce ba za ta wuce talatin da ’yan kai ba, tana zaune a lungu da filas ɗin shayi, ba ta bin mutane tana musu bayani sai in kai ka je ka same ta, kuma wannan ya burge ni ƙwarai. Na je na ce Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira, amma ni tambaya ce da ni, me ya sa ba kya son launi? Ta yi murmushi ta ce Anti ina son launi mana, launin hunturu nake so. Ta ce ki lura daga Disamba zuwa Fabrairu in ƙurar hamada ta sauko mana, rana ba ta da kaifi, komai sai ya yi laushi, inuwa ba ta da baki, hasken da ke shigowa ta taga kamar an tace shi da rariya, to wannan hasken take bi, kuma a watannin nan take yawancin zanen farko da gawayi, sauran shekara ta yi ta ɗora fenti. Fentin mai take amfani da shi, kala huɗu zuwa biyar kawai take matsowa ta haɗa sauran da kanta, kuma kowane shafi sai ta jira kwanaki ya sha iska kafin ta ɗora wani, shi ya sa ƙaramin zane ɗaya yake iya cin wata biyu. Da na fito waje daga baya na ɗaga kai na kalli sama, wallahi launin da ke bangonta ne sak, shekara nawa ina rayuwa a cikinsa ina ta ƙorafin kaushi da mura ban taɓa kallonsa a matsayin abu mai kyau ba.

A kan teburinta akwai wani babban littafi na hotunan zanen wani Bature ɗan Denmak, Vilhelm Hammershøi, ta ce kowa ya ga dama ya buɗa, ba ta ɓoye cewa daga gare shi ta samo hanya ba. An haife shi a Kofenhagen a 1864 ya rasu a 1916, kuma mafi shaharar aikinsa a cikin gidan da ya zauna ya yi shi, gida mai lamba 30 a layin Strandgade, inda shi da matarsa Ida suka yi kusan shekara goma. Ɗakunan gidan ya yi ta zanawa, fararen ƙofofi wata a buɗe wata a rufe, tebur, kujera ɗaya, fiyano, sau da yawa kuma matar tasa tana tsaye cikin baƙar riga ta juya baya ba ka ganin fuskarta. Akwai wanda ya yi a 1900, ba komai a ciki sai taga da ƙofa da hasken rana da ƙura ke yawo a cikinsa. Na daɗe a kan wannan shafin, don ni wannan ƙurar na san ta, ita ce nake gani duk safiya in na ɗaga labule bayan shara.

Auta kuwa da ya ga na shiga sosai sai bakinsa ya buɗe, ya ce ai abin da take yi ba sabo ba ne a wurin ’yan Zariya, tun 1958 ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama ABU suka kafa ƙungiyarsu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kuma abin da suka tsaya a kai shi ne ka koyi dabarar Bature amma abin da za ka zuba a ciki ya zama na gidanku. Ya ce shi Grillo ma da shuɗi aka san shi, kusan duk aikinsa a cikin shuɗi da ruwan malmo yake iyo. Na ji daɗin wannan bayanin, don ni Zariya da ilimin boko da na addini na san ta, ban san tana da wannan tarihin a wajen zane ba duk da nan da can tafiyar awa ɗaya ce da ɗan abu.

To amma a nan ne kuma nake da magana, kuma na faɗa mata a gabanta. Akwai zane uku da na ga littafin nan ya yi mata nauyi a hannu. Ɗaya wasu fararen ƙofofin katako ne a jere wata cikin wata, masu ado irin na Turai, ni dai ban taɓa shiga gidan Bahaushe na ga wannan ba, ko a GRA. Biyu kuma mace ce ta juya baya, an dai cire baƙar rigar an sa mata hijabi, tsayuwar ma iri ɗaya. Suna da kyau a ido amma ban ji komai ba, kamar ka ci tuwon da aka tuƙa da kyau miya ba gishiri. Inda ta zana abin da ta sani, randa da moɗa, jeren samira a kabet, kaskon turaren wuta da toka ta mutu a ciki, nan ne hannunta yake nata. Ta saurare ni har na gama ta ce Anti kin yi gaskiya, ukun nan tsofaffi ne tun tana ɗaliba, ta yi ta shawarar ko ta cire su. Ina ganin da ta cire su da ba abin da ya ragu.

Sai matsalolin wurin, waɗanda ba laifinta ba ne amma suna rage armashi. Wajen sha biyu da rabi aka ɗauke wuta aka tada janareto, kuma an ajiye shi daidai bayan tagar falo na biyu, to ka duba fa, zanen da gaba ɗaya ƙarfinsa shiru ne kana kallonsa ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin ƙafarka. Ƙwan fitilun kuma irin fararen nan ne masu kashe ido, waɗanda aka sa wa gilashi a firam sai ka riƙa ganin fuskarka da fitila maimakon zanen, dole sai ka karkata gefe. Abin mamaki ’yan mintunan da aka yi kafin janareton ya tashi, da hasken taga kaɗai, su ne lokacin da zanen suka fi kyau a duk yinin. Bayanin da aka liƙa a gefen kowane zane da Turanci ne zalla, Turancin ma mai wuya, ni malamar makaranta sai da na karanta wani sau biyu, alhali ɗakunan Hausawa ne aka zana a garin Kaduna, me zai hana a sa layi biyu da Hausa? Babu wurin zama ko benci ɗaya, abin da ake so ka daɗe a gabansa kuma. Ga ’yan ɗaukar hoto, wasu ’yan mata sun shigo su biyar, kowacce ta juya wa zane baya an ɗauke ta, cikin minti goma sun fice, ban ce kar a ɗauki hoto ba amma da an ware musu lokaci. Abin yabo, an tanadi wurin alwala da darduma mai tsabta ɓangaren mata daban, kuma yaron da ke kula da ƙofa akwai ladabi.

Farashi kuma ba na irinmu ba ne, ƙananan daga N180,000 suke farawa, babban ciki N650,000. Ban ce ta tsawwala ba, wanda ya ji wata nawa abu ɗaya yake ci, ga tsadar fenti da ƙyallen zane da duk daga waje ake kawo su, ba zai ce haka ba. Sai dai da an buga ƙanana a takarda mai kyau ana sayarwa dubu biyar ko goma da mutane da yawa sun tafi da wani abu a hannu. Katin gaisuwa kawai na samu, N1,500, mai hoton zauren nan.

Da na koma gida na ba Umma labari ta ce ita fa ba ta son harkar zane-zanen nan, tun tana yarinya ta ji malamai suna tsoratarwa a kan zana abu mai rai. Na ce Umma wannan ɗakuna ne kawai, in ban da biyu da aka zana mace ta baya ba ko fuska ɗaya a wurin, na nuna mata katin. Ta juya shi ta juya, ta ce wannan ai zauren Malam ne na Tudun Wada, na ce ba shi ba ne amma kamarsa ne, ta ce to a kai ta ta gani. Ranar Talata bayan na tashi daga makaranta Auta ya aro mota muka je mu uku. Ranar ba kowa sai mu, akwai wuta, kuma da na roƙa yaron nan ya ɗauko mata kujerar roba daga waje saboda gwiwarta, mu muka riƙa matsar mata da ita daga zane zuwa zane.

Yadda Umma take kallo daban ne da nawa. Ita kaya take dubawa. Ta ce wannan langar irin ta aurensu ce, yanzu ba a yin mai kaurinta. Ta ce wannan gadon mai rumfa an ɗaura labulensa ba daidai ba, ta ciki ake ɗaurewa. A kicin ta ce mai wannan murhun maƙwabciyar kirki ce, dubi yadda ta kife tukwane ta share toka. Har muka zo kan wani da ni a zuwan farko na wuce shi da sauri don ban ga komai a ciki ba, lamba 14, uwar ɗaka ce, katifa a ƙasa an ja zanin gado ba ko lanƙwasa, darduma a ninke da carbi a kai, madubin jikin bango an yafa masa ɗankwali, kan durowa wayam sai zoben ƙura inda kwalabe suka taɓa zama, ga wata hular zanna a rataye a ƙusa. Umma ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce a hankali, wannan ɗakin mai takaba ne.

Mai zanen tana bayanmu ashe. Ta zagayo ta durƙusa a gefen kujerar ta ce Mama ya aka yi kika sani? Umma ta ce ’yar nan ai ga shi nan, an kwashe turare da kwalli da man shafawa, ga hular mai gidan ba a iya cirewa ba, ni ma wata huɗu da kwana goma na yi ina kallon irin wannan ƙusar. Mai zanen ta ce ɗakin mahaifiyarta ne, bayan rasuwar babansu ta zana shi, kuma tunda aka buɗe wurin nan mutum nawa suka wuce ta gabansa ba wanda ya gane, a takardar gefe ma ba ta rubuta ba don ba ta iya ba. Umma ta dafa kanta ta yi wa mamacin addu’a, ta yi wa Babanmu, muka shafa. Ni dai fita na yi tsakar gida na tsaya ƙarƙashin bishiya na ɗan wani lokaci, Auta ma da ya biyo ni idonsa ya yi ja.

Wannan zanen ba na sayarwa ba ne, ta ce in an tashi gida zai koma.

In za ku je, ku je ranar aiki ba Asabar ba, kuma da hantsi in da hali, mai zanen ta ce tsakanin goma da sha ɗaya rana take shigowa falo na biyu ta tagar gabas, a lokacin in ka roƙa za su kashe maka fitilun. Ku ware aƙalla awa ɗaya da rabi, wanda zai shiga ya fita cikin minti goma gara ya riƙe dubu ɗayarsa. Yara ƙanana za su gaji, amma ’yan aji biyar da shida ina ganin za su amfana, har na fara yi wa hedimasta maganar ko za a bar ni in kawo ’yan ajina goma sha biyar in iyaye sun yarda da kuɗin mota. Wanda kuma yake da tsohuwa a gida mai ɗan ƙarfin fita ya ɗauke ta su je tare, ya tafi mata da kujera don wurin ba su da ita. Katin zauren yana wurin Umma yanzu, ta saƙala shi a jikin gilashin kabet ɗinta kusa da hoton Ka’aba, ta ce in na koma in sayo nawa.